Marfin Kwalba Takwas na Baba Injiniya

Da safen nan ina share ofis aka kira ni. Wai Baba Injiniya ya rasu.

Na ce wane Baba? Jiya fa muna tare.

Kafin in samu keke daga Samaru zuwa Jushi har an ɗauke shi. Ko fuskarsa ban gani ba.

Ku yi haƙuri da rubutuna, a JSS 2 na tsaya. Ni ce Ladi, wadda ɗalibai ke ce wa Madam Wifi. Bara na zo daga ƙauyenmu, aka ɗauke ni shara da sayar da katin wifi a ɗan kamfaninmu mai ba hostel ɗin ɗalibai intanet. Mu shida ne. Injiniya Sani shi ne babba a wajen aiki, shi kaɗai ke da satifiket ɗin netwok. Satifiket ɗin yana nan a firem jikin bango.

Wata rana ya same ni ina haɗa kan wayar netwok da ragowar da aka zubar. Na tsorata. Ya karɓa ya sa a na'urar gwaji, duk fitilunta suka kama. Ya ce, "Wa ya koya miki?" Na ce kallo nake yi. Ya ce, "To daga yau ki daina kallo daga nesa."

Lissafin adireshin kwamfuta ya ƙi shiga kaina. Sai ya je wajen mai shago ya tsinto marfin kwalbar lemo guda takwas, ya jera a benci. Kowanne da lambarsa, na farko 128, na biyu 64, haka ake ta rabawa biyu har zuwa 1. Wanda ke kife sifili ne, wanda ke buɗe ɗaya ne.

"Ladi, ba ni ɗari da casa'in da biyu."

Na buɗe biyun farko. Ya yi ta tafi kamar na ci kofi.

Na taɓa ce masa, Baba, tunda na iya aikin, takardar satifiket ta mece ce? Ya ce, "Hannu kina da shi, 'yata. Amma hannu ba ya shiga fayil. Mai hostel takarda zai ce a nuna masa." Shi ma sai da furfura ta fito masa ya samu tasa. Yana dariya yake cewa, "Sau biyu na faɗi, kin ga na mutu?"

Shi ya yi mini rajistar jarrabawar. A Kaduna ake yi, kan kwamfuta, da Turanci zalla. Kullum bayan la'asar ya karanta mini littafin, ya juya shi da Hausa. Ran Lahadi ba ya nemana, ya ce in je coci in roƙa mana.

Kowane sati yakan ɗauke marfi ɗaya ya sa aljihu, wai in riƙe lambar a kaina. Yanzu saura uku a bencin.

Jiya wani hostel a Samaru ya kira, netwok ya ɗauke. A matakala Baba ya tsaya ya dafe ƙirji. Na ce Baba lafiya? Ya ce olsa ce, mu je. Da muka hau ya miƙo mini laptop, ya juya baya yana cin gyaɗa. Na yi kuskure na kashe har netwok ɗin bene na biyu. Ɗalibai suna ihu ta taga, "Madam Wifi, muna da test fa!" Na ce Baba ka zo.

Ya ce, "Ba na nan."

Sai da na gano da kaina.

Da a ce na dage ya je asibiti. Ni ban san komai ba, na yarda olsa ce.

Da na dawo daga gaisuwa na tarar da manajanmu tsaye gaban firem ɗin. Ya ce wata mai zuwa za a sabunta kwangilar manyan hostel ɗinmu, kuma sai da satifiket na ma'aikacin da ke raye. In babu, a rufe ofis. Sai duk abokan aiki suka juyo suna kallona. Ni. Saura sati uku jarrabawar, saura babi huɗu, kuma Turancin littafin nan in ba bakin Baba ba ba na jin sa.

Wallahi ba na jin zan iya.

A gidan rasuwar, kafin in taho, matarsa ta ja ni gefe ta damƙa mini wani abu a ƙullin leda. Marfi biyar. Ta ce a aljihun rigarsa ta gani, ya taɓa gaya mata nawa ne, sai na ci jarrabawar zai mayar mini.

Ban haɗa su da ukun ba. Ban ci ba tukuna.

Allah ya jiƙan Baba Sani, ya haskaka kabarinsa, ya riƙa wa Hajiya da yaran. Duk wanda ya karanta, Musulmi ko Kirista, don Allah ka tsaya ka yi masa addu'a. In ka gama, ka ɗan sa ni a ciki.