Alimun a Ruwan Kifin Baba

Ko zan manta da komai, ba zan manta da daminar da kifaye suka mayar da ni mai binciken ruwa ba. A shekarar ce ɓarin jikin Babanmu ya shanye. Mutumin da ya saba wuni a gonar masararsa a Doguwa, sai ga shi a ɗaki, magana ta ɗauke, abinci sai da lallashi. Da na je Kano karɓo maganinsa na ga akwatin gilashi da jajayen kifayen ado guda uku, na sayo. Inna, mahaifiyata, ta riƙe baki ta ce, "Kifin da ba ya shiga miya? Ke dai ba kya rasa abin ɗauko mana."

To, ashe magani na sayo. Baba ya riƙa barbaɗa musu abinci da hannunsa mai lafiya, kuma sai sun ci sannan zai karɓi kokonsa.

Da ruwan sama ya kankama, sai kifayen suka canza. Suka daina wasa, suka riƙa tasowa sama suna buɗe baki kamar masu haki. Wata safiya muka tarar da ƙaramin ya juya ciki sama. Ranar Baba ya juya fuskarsa bango, koko ya huce a kwano. Wallahi hankalina ya tashi, don na san idan sauran biyun suka bi, Baba ba zai ƙara cin abinci da daɗin rai ba.

Ni kuwa ba ni da haƙuri. Na kira mai sayar da kifin na wanke shi tas, na ce marasa lafiya ya haɗa ni da su. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Hajiya, yaya ruwan?" Na ce ruwa garau, har allura za ka gani a ƙasa. Ya ce ido ba ya ganin tsamin ruwa. Akwai awon da ake kira pH, kuma irin wannan kifi ya fi son ruwan da ke tsaka-tsaki. Ya ba direban motar garinmu wasu 'yan siraran takardu ya kawo mini: idan an tsoma ta zama koriya, lafiya lau, idan ta yi ruwan ɗorawa, tsami ya yi yawa.

Na tsoma a akwatin, sai ga ɗorawa shar. Ikon Allah! Na ɗanɗana ruwan, ban ji komai ba. Daga nan abin ya shige mini rai. Na tsoma a gugan rijiya, ruwan ya yi jajur saboda damina, amma takarda koriya. Na tsoma a randa, ɗorawa. Rijiya ɗaya, amsa biyu! Ina tsugune ina jujjuya abin sai ga Inna ta zo da dunƙulen alimun, ta kaɗa shi a randa yadda kowace mace a unguwarmu take yi don laka ta kwanta.

Na ce, "Inna, har na kifin kike sa wa?"

Ta ce, "Nasu ma na fi cikawa. In ruwan ya yi duhu, ta ina Malam zai gan su?"

Sai na fasa faɗan da na shirya. Da na yi mata bayani sai ta miƙe da sauri. "Tsami ne? Ai da sauƙi. Me ake sa wa yakuwa?" Ta dawo da jiƙaƙƙiyar kanwa za ta tuttula. Na tare ta na ce mu fara gwadawa a kofi. Ɗigo kaɗan, takarda ta tsallake kore ta koma shuɗiya. Inna ta yi salati. Da na sake kiran mai kifin, ya ce da mun zuba, da sun mutu nan take, don sauyin gaggawa ya fi tsamin illa.

Sai muka bi a hankali. Mu ɗebo ruwan rijiya, mu bar shi ya kwana ya kwanta da kansa, mu rage kaɗan daga akwatin mu ƙara sabo. Inna ce ta karɓe tsoma takardar, har tana korata wai hannuna rawa yake. Ruwan bai ƙara yin garau ba, amma kifayen suka sauko suka koma wasansu.

Wata hantsi Inna ta ajiye koko ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ruwan ya ɗan yi duhu." Baba ya daɗe yana motsa baki. Can, da ƙyar, ya ce, "Ina... ganinsu." Maganarsa ta farko ke nan tun da ya kwanta. Inna ta fita tsakar gida tana share ido da bakin zani.

Tun daga lokacin na koyi cewa abin da ya yi maka kyau a ido ba lallai ne ya yi wa wanda ke rayuwa a cikinsa ba. Kafin ka gyara wa wani ruwansa, ka fara auna abin da jikinsa zai ɗauka.