Ngatini da Kujerar Ƙarshe

Ngatini tela ce a Bekasi. Shekararta hamsin da takwas, tsayinta mita ɗaya da santimita arba'in da bakwai, kuma wannan tsayin ne ya jawo mata zaman kujerar ƙarshe ta mota har shekara goma sha tara.

Ita ce babba a gidansu. Da mahaifinsu ya rasu a ƙauyensu na wajen Wonogiri, ta bar makaranta ta shigo birni, ta shekara goma sha ɗaya tana haɗa wuyan riga a masana'anta, kafin ta sayi kekenta ta kama ɗinki a barandar gidan haya. Da wannan keken ƙaninta Hartoyo ya gama karatu. Mijinta ya rasu da wuri, ba su haihu ba. Saboda haka duk ƙarshen azumi, in gari ya watse kowa ya nufi gida Sallah, motar Hartoyo take bi. Shi a sitiyari, matarsa Rukmini a gefensa, 'ya'yansa maza uku a layin tsakiya, ita a can baya tare da kwalayen tsaraba.

"Yaya, ai ke ko a aljihu aka sa ki sai kin sami wurin miƙe ƙafa," in ji Hartoyo kowace shekara. A yi dariya, ita ma ta taya.

Bara ta daina tayawa. Cunkoso ya riƙe su awa goma sha bakwai a hanya, gwiwoyinta a tokare da bayan kujera, gwangwanin biskit a cinya. Da suka isa, mutum biyu suka zaro ta. Gwiwar hagu ta kumbura har zane na matse ta. Da safen Sallah, bayan an sauko daga idi, 'ya'ya sukan durƙusa gaban mahaifiyarsu ɗaya bayan ɗaya, su ɗora goshi a gwiwarta su nemi gafara, kuma babba ke farawa. Ngatini ta gwada sau biyu, ƙafa ta ƙi lanƙwasuwa. Aka jawo mata kujerar roba. Tsohuwar, mai shekara tamanin da huɗu da ido ya yi wa rauni, ta miƙa hannu inda ta saba samun kan 'yarta, ta lalubi iska.

"Ina Ngatini?" ta ce. "Ko bana ba ta zo ba?"

Tana gabanta a zaune kamar baƙuwar da ta zo gaisuwa. Wannan abin ta kwana da shi ta tashi da shi shekara guda. Tsohuwar dai ba wanda ya san Sallah nawa ta rage mata.

Ana saura wata biyu azumi, Hartoyo ya ce zai canja mota. Irin na yayi yake so, masu tudu kamar jif amma cikinsu na iyali, kujera bakwai. Ya ware guda uku. Ran Asabar Ngatini ta rufe kekenta da zane, ta rataya tef ɗin awo a wuya, ta ɗauki kwalin taliya cike da ƙyallaye, ta tsaya bakin ƙofarsa.

"Yaya, wurin sayen mota za mu, ba kasuwar yadi ba."

"Na sani. Buɗe mini."

A shagon farko, Hartoyo ya faɗa gaban farar mota yana shafa sitiyari, Rukmini tana gwada madubi. Ba wanda ya kalli baya. Mai sayarwa, wani mai ƙamshin turare da murmushin da ba ya ƙarewa, ya ga Ngatini tana leƙe, ya kwantar da kujerar tsakiya ta shige baya. Ta ga fili gaban gwiwarta har tafin hannu guda.

"Kin gani, Uwa? Kamar falo."

"Falo ko? Ai na gan ka sanda ka tura ta tsakiya gaba har ƙarshe. Danang!" Ta kira babban ɗan Hartoyo, wanda ke sunkuyawa in zai shiga ɗakinta. "Zo ka zauna nan, ka gyara kujerar yadda kake yi in za mu gida."

Danang ya zauna, ya ja ƙarfen, kujera ta dawo baya ta daki gwiwarta. Ta sa yatsu ta auna. Biyu suka shiga da ƙyar. Ta sa tef daga ƙasan mota zuwa bakin kujera: ashirin da bakwai. Ƙafarta daga diddige zuwa bayan gwiwa talatin da takwas ce, ta auna tun a gida. Wato cinya ba za ta taɓa kujera ba, gwiwa na sama, nauyin jiki duk a ƙashin zama. Ta ɗora kwalin a cinya, ta ce a rufe ƙofa. Minti ashirin ta yi a ciki tana kallon agogo.

Haka ta yi a sauran biyun. Ta biyun, baƙa, tsayin kujerarta talatin da ɗaya ne, amma majinginar a miƙe take kamar bango, kuma sanyin na'ura a kan na tsakiya yake ƙarewa. Ta ukun, mai ruwan toka, talatin da uku, majingina na kwantawa baya, kuma tafin ƙafa na shiga ƙarƙashin kujerar gaba. Ta rubuta duka a littafin da take rubuta awon masu kawo ɗinki, ta yage shafin ta ba Hartoyo.

"Wannan mai kama da akwatin burodi?" ya ce. "In shiga ƙauye da ita a ce na koma kai saƙo?"

Bayan mako biyu ya faka farar a gaban barandarta, ledar kujeru ma ba a cire ba, yana danna ham. Ta fito da almakashi a hannu.

"Ta ashirin da bakwai ce?"

"Haba Yaya, santimita shida ne fa bambancin. Za a sa miki matashi."

"In na rage maka shida a ƙugun wando, za ka sa? Kai Hartoyo, ni na wanke maka kashi. Na ɗinka wuyan riga har idona ya mutu don kada ka riƙe fartanya. Yau ƙafata da fentin mota aka ajiye maka, ka zaɓi fenti!"

Maƙwabta sun leƙo. Ya ja motarsa ya tafi. Duk azumi ba ta ci abincin da Rukmini ta aiko ba, sai ta ba mai gadin layi.

Ranar tafiya ta riga kowa fitowa. Suna cikin ɗaure kaya ta buɗe ƙofa ta zauna a layin tsakiya, bayan kujerar Rukmini, ta ɗaura bel, ta rungume jakarta. Yara uku suka tsaya cirko-cirko.

"Gwaggo, nan fa wurina ne," in ji Danang.

"Da."

Hartoyo ya zagayo yana magana ƙasa-ƙasa. "Yaya, don Allah kada ki tara mana jama'a. Dubi tsayin yaran nan, wa zai shiga can?"

"Ba wanda zai shiga, shi na gaya maka tun a shago. Amma Danang na da lasin. Ya tuƙa. Bayan ni da matarka, wa ya fi gajarta a motar nan?"

Rukmini ta juya fuska wajen taga, kafaɗarta na rawa don dariya. Hartoyo ya ce motarsa ce. Ngatini ta ce ba ta yi musu ba, shi ya sa ya kamata ya san ko'ina a cikinta. Aka yi ta ja har rana ta fara zafi, sauran motocin layin duk sun tafi. A ƙarshe aka raba: shi da Danang su riƙa karɓa-karɓa, in Danang na tuƙi uban ya koma baya, in uban na tuƙi autansu ya naɗe a can. Awa goma sha huɗu suka yi. Tun kafin su kai garin Cirebon Hartoyo ya fara roƙon a matsa masa kujerar tsakiya gaba kaɗan. Ta matsa masa yatsu biyu.

Ran Sallah ta durƙusa a hankali, hannu ɗaya a tabarma, ta ɗora goshi a gwiwar tsohuwar. Hannun ya same ta. Ta daɗe a wurin, ba wanda ya ji abin da suka ce.

Da aka gama da uwa, ƙanne suka juyo wajen yayyensu. Hartoyo ya tako yana ɗingishi, ya dafa bango ya sauka ƙasa, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya kama hannunta ya fara jero neman gafara da sauri, don ya samu ya tashi.

"Ban ji ba," in ji Ngatini. "Sake daga farko."