Ƙirgar Ƙarshe ta Kawu Ozias a Tafkin Jauari

Ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, rana ba ta gama haye bishiyoyin bakin tafki ba, na ga Kawu Ozias Pantoja ya ɗora filafili a cinyarsa ya sunkuyar da kai kamar mai sauraron ruwa. Kwalekwalena na bayan nasa. Ban yi magana ba, domin na zaci har yanzu ƙirga yake, shi kuma ya koya mini cewa ba a yi wa mai ƙirga magana. Sai da hularsa ta faɗa ruwa bai miƙa hannu ba, sannan na gane. Kafin mu kai shi gaɓa ya cika. Shekarunsa sittin da takwas.

Kawu, ni ne Jucimar, ɗan ƙanwarka. Aji huɗu na yi a makaranta, kwana shida ke nan ina fama da wannan rubutun. Da na bar wa masu ilimi, amma na ga abin da masu ilimin suka rubuta. Takardar ta'aziyyar da kwalejin garinmu ta manna a ƙofarta ta kira ka "mai tuƙa wa ɗalibai kwalekwale". Shekara shida kana koyar da 'yan ajin kare namun daji, ba wanda ya karɓi takardar shaida bai zauna a bayanka cikin kwalekwale ba, amma a ce matuƙi.

Kai ba ka taɓa ɓoye baya ba. Kakan gaya wa sababbin ɗalibai cewa da zagonka na sukar kifi aka kusa ƙarar da ƙaton kifin nan pirarucu a tafkin nan, har aka yi shekarar da ka kwana uku ba ka ji ko ɗaya ya taso ba. Ka dawo gida ka rataye zagon a saman ƙofa, ka ce wa matarka Dona Nazaré ta bar shi ya yi tsatsa a inda za ka riƙa ganinsa. Daga nan ka koma ƙirga abin da a da kake kashewa.

Ko yaro a ƙauyenmu Boca do Jauari ya san kifin nan, duk girmansa, sai ya taso ya shaƙi iska wajen kowane minti ashirin. Shi ya sa ake raba tafki, kowa ya tsare nasa yanki, a yi shiru minti ashirin, a tashi. Kai kuwa ido rufe kake bambanta babba da ƙarami daga ƙarar tasowarsa. Ranar da na fara, na kawo maka goma sha ɗaya, ka yi dariya har kofinka ya zube. Ka ce bakwai ne, sauran huɗun kada ne da zumuɗina. Sannan ka raba garin rogonka biyu ka ba ni babban kason.

Ban manta da Edinelza ba, 'yar ajin zane mai motsi, wadda aka ba ta aikin yin ɗan fim da zai koya wa ƙauyuka ƙirga. Ta kawo maka zanenta na farko a waya. Ka kalla sau biyu, ka ce: "'Yata, wannan kifin naki ya taso kamar mai zuwa zance. Namu ɓarawo ne, ya saci iska ya gudu." Sau tara ta sake zana wutsiyar. Da ta kasa sayen man injin zuwa tafki, kai ka riƙa ɗauko ta daga gari, ka ce ai hanya ce. Duk mun san ba hanya ba ce.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bana likita ya kwantar da kai saboda zuciya, sai sabon shugaban sashen, Dakta Evandro, ya ce shi zai jagoranci ƙirgar. Ya tara ɗalibai ya ce minti ashirin ya yi kaɗan ga aikin kimiyya, a yi arba'in don a tabbatar. Seu Lindomar, abokin aikinka, ya ce masa Dakta, a minti arba'in kowane kifi zai gaishe ka sau biyu. Ya amsa masa da cewa wannan al'ada ce, shi kuma ilimi ya zo yi. Suka rubuta manya ɗari bakwai da arba'in da ɗaya, Dakta ya sa hannu, ya aika wa hukumar da ke ba da izinin kamu.

Uku cikin goma ake barinmu mu kama. A lissafinsa, kifi ɗari biyu da ashirin da biyu ke nan. Wasu a ƙauye har sun fara zancen sabon injin kwalekwale.

Ka tashi daga gadon jinya ka je ofishinsa da rigar zuwa coci don a bar ka ka sake ƙirga. Ina tsaye a bakin ƙofa. Awa biyu ya bar ka a kan benci, da ya fito ya dafa kafaɗarka ya ce Seu Ozias, je ka huta, kwaleji ba ta karɓar adadin da ba sa hannun mai takarda. A hanya ka ce da ni: "Jucimar, kifi bai san sa hannu ba. Gobe ka zo da agogo."

Safiya uku muka yi. Dona Nazaré ta ɓoye filafilinka, ka aro na maƙwabci. Ranar ta uku, da muka gama yankin ƙarshe na ce lokaci ya yi, ka ɗaga yatsu ka ba ni naka adadin, muka haɗa da na sauran. Manya ɗari uku da tamanin. Ka ce a maimaita da ƙarfi kowa ya ji, aka maimaita. Bayan nan ne ka ɗora filafili a cinya.

Idan takardar Dakta ta tsaya, fiye da rabin manyan tafkin za a kashe a wata guda, aikin shekara ashirin. Ya zo jana'izarka da furanni ya yi jawabi a kan "hikimar mutanenmu". Har yau bai janye takardar ba. Ni mutum ne mai haƙuri, kai ka sani, wanda ya iya zama shiru a kan ruwa ya iya jira. Amma ba zan jira a fara jefa taru ba.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya yafe maka shekarun zago, ya dubi shekarun ƙirga, ya ba ka hutun da ka ƙi yi a nan. Allah ya ba Dona Nazaré haƙuri, da 'ya'yanka Valcilene da Josimar, da mahaifiyata da ta rasa yaya, da ɗaliban da ka yi wa uba.

Ranar Litinin zan kai adadinka gaban hukuma da kaina. Idan suka ce ba sa hannun mai takarda, ba ni kaɗai na gani ba. Ranar, Seu Lindomar Batalha yana yankin gabas. Dona Creuza Maricaua ce ta riƙe agogo na biyu. Ɗalibanka biyu, Wanderson da Taiane, sun zo ba da izinin kwaleji ba, sun ce a rubuta sunansu. Edinelza Cavalcante kuma tana gaban kwalekwalena, duk kifin da ya taso ta ja masa layi a littafin zanenta, littafin yana hannunta.