Wallahin da Na Ƙara

Lokacin da ɗan wan babana, wanda nake kira Yaya, ya fito takarar kansila, ni ya ɗauka tafinta, saboda ina jin Dendanci. Daga baya ya yi gaba a siyasa har ya je majalisa, amma ni fitarmu ta farko ce ta tsaya mini a rai.

Mun tashi daga Lolo a kan babura muna bin ƙauyuka. Da muka wuce dutsen iyaka sai na gane mun tsallaka, amma na ji nauyin tsayar da Yaya a gaban jama'a, muka ci gaba.

A wani ƙauye, a gindin wata tsamiya ya yi wa mutane jawabi, ya ce in an zaɓe shi zai haƙa musu rijiya. Na juya maganar, har daɗi ya ɗebe ni na ƙara da "wallahi", wanda shi bai faɗa ba. Aka yi ta tafi. Sai wani dattijo ya ce da Hausa, "Alhaji, mun gode, amma nan ƙasar Benin ce. Ƙuri'armu ba ta zuwa wurinku."

Yaya ya ce, "To Baba, ai rijiyar ma ba ta zuwa." Aka kwashe da dariya.

Shi tun a hanya ya manta. Ni kuwa daga bakina rantsuwar ta fito. Na tambayi malamai uku, biyu suka ce babu komai, na ukun ya ce kaffara. Nasa na bi, na yi azumi uku. Duk da haka, in na hango mutanen ƙauyen a kasuwa sai in sunkuya kamar ina taya albasa.