Tsayuwar Baba Maina

Da aka turo ni Diffa aikin buga takardu a 1994, Baba Maina ne ya fara gaishe ni a biro, wato ofishinmu. Masinja ne, ɗan Tumur, siriri, mai Hausar da Barbarci ya lanƙwasa. Bai iya karatu ba, amma in dai kan lambar girma ta ƙasa ce, ko darakta sai ya tambaye shi. Shekara ashirin da wani abu shi ke goge lambobin duk ranar Jamhuriya, shi ke miƙa wa mai ɗaurawa.

Yana da dokokinsa, kuma ya ishe mu da su. Ba a sa lamba kafin a ɗaura wa mutum. Ba a ɗaurawa a dama, sai a hagu. Babbar dokar kuwa, a tsaye ake karɓa.

"Ƙasa ce ke gaishe ka, Saliha," in ji shi. "Wa ke amsa gaisuwar ƙasa a zaune?"

Ni kuwa sai in ce to Baba, ranar taka sai mu ɗaure ka da igiya kada iska ta kwashe ka.

A 2003 sunansa ya fito cikin waɗanda za a ɗaura wa lamba. Ni na buga takardar, har na yi kuskure sau biyu don murna. Sai ga shi a farkon Nuwamba ya faɗi a gonar tattasansa ta bakin kogin Komadugu, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

Na je duba shi, na tarar da matarsa Ya Gaji tana ƙirgawa da ƙarfi, shi kuma ya dafa bango yana koyon tsayuwa. Ya san tsawon kalaman da mai ɗaurawa ke faɗa, ƙirga arba'in ne daidai. A ranar ya kai tara ya zube. Bayan mako biyu ya kai ashirin. Ana saura kwana uku ya yi arba'in da biyar ba bango ba sanda, Ya Gaji ta aiko mini da albishir.

Ranar Jamhuriya, sha takwas ga Disamba, aka kawo shi filin biki a amalanke, aka zaunar da shi a kujera a layin gaba. Da aka kira sunansa, na ga ya kafa ƙafar dama, ya fara cicciɓa jikinsa. Babban baƙon da ke ɗaurawa mutumin kirki ne, ba na ɗora masa laifi. Ya hango tsoho na wahala, ya taho da sauri, ya dafa kafaɗarsa.

"Yi zamanka, Baba, ni zan zo gare ka."

Ya sunkuya ya ɗaura masa a zaune. Fili ya ɗauki tafi. Hawaye suka zubo wa Baba Maina, mutane suna cewa dubi farin ciki. Ni da Ya Gaji ba mu tafa ba.

Ya ƙara shekara biyu a duniya, bai taɓa sa lambar ba. Da na raka shi gida ranar bikin, sai da muka wuce kasuwa sannan ya ce mini:

"Ƴata, da ya ɗan jira, ai da na tashi."