Muryar da Ta Kira Mu a Tsohon Asibiti

Jama'a, wannan ba labarin "an ce" ba ne, da ni abin ya faru, kuma wallahi ba zan ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da na gani na ji ba. Shekarun baya ne, lokacin ina yi wa wani ɗan kasuwa aikin sayen citta a Kafanchan, ni nake shiga ƙauyuka in duba kaya in yi ciniki, shi kuma ya turo mota ta kwasa. Mai kai ni a mashin abokina ne Kefas, ɗan Kagoro, tare muka yi sakandare, dogo siriri mai dariyar tsiya, kuma tun muna aji yake ce mini "Malam" don tsokana har sunan ya bi ni.

Abin da ya ƙara ɗinke mu da Kefas gem ne, wato wasan na'ura, kuma ba na ƙwallo ko na tseren mota ba, na ban tsoro, irin wanda aikinka kawai ka fita da ranka. Yana da wata na'ura da ya saya da ake haɗawa da talabijin, to ranar Lahadi in ya taso daga coci sai in same shi a ɗakinsa, mu rufe taga da bargo, mu ƙure sifika, wanda aka kashe ya miƙa wa ɗan'uwansa. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane daɗin ba. A sauran gem kai ne jarumi, ka yi ta harbi kana ƙara ƙarfi, amma a nan kai ba kowa ba ne, mutum ne kamar ni da kai aka jefa cikin wani gini, bindiga in ma an ba ka harsashinta bai taka kara ya karya ba, jakarka ba ta ɗaukar kaya da yawa, sai ka tsaya kana tunani, magani zan ɗauka ko makulli, tocila kuma batir ɗinta na mutuwa kana kallo. Sau da yawa gudu ya fi faɗa, ɓuya ta fi gudu. Kuma abin da ya fi kashe ni shi ne ba ganin dodon ne ke tsorata mutum ba, jinsa ne, ka ji ana jan ƙafa a bayan bango, ka ji numfashi, ka juya babu kowa. In ka wahala ka kai ɗakin da ake ajiye wasa don ko an kashe ka ka ci gaba daga nan, inda ba abin da ke shigowa, sai ka ji kafaɗunka sun sauka kamar ka dawo gida daga doguwar tafiya. Kefas kan ce, da Hausarsa ta Kagoro da ba ruwanta da mace ko namiji, "Malam, zuciya na ya kusa fita, amma bari mu ƙara ɗaya." Haka muke, mu tsorata mu yi dariya mu ƙara.

To ranar da abin ya faru farkon damina ne, maigida ya aike ni neman irin citta wajen Fadan Kagoma. Mun gama da manoma, na yi azahar, muka kamo hanyar gida ta wata 'yar hanyar ƙasa da Kefas ya ce ta fi kusa, sai hadari ya taso baƙi ƙirin, kafin ka ce me ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ko gabanmu ba ma gani. Can gefen hanya, bayan wasu bishiyoyin mangwaro, muka hango wani dogon gini mai jan kwano, muka karkata muka cusa mashin ƙarƙashin barandarsa. Ba zan faɗi ainihin wurin ba don kada wani mai ƙarambani ya je. Da gani tsohon asibiti ne da aka daina amfani da shi, ga benci na siminti inda marasa lafiya ke jira, ga 'yar tagar ba da magani, sauran tagogin duk an buge su da katako.

Ƙofar shiga a buɗe take, ganyenta ɗaya ma ya faɗi. Kefas ya leƙa, ya juyo idonsa na ƙyalli, ya ce, "Malam, zo ka ga gem da ido na ka." Na leƙa, billahillazi kamar an ciro wurin daga talabijin ɗinsa aka ajiye: doguwar hanya a tsakiya, ɗakuna dama da hagu, silin ya ɓarke yana reto, can ƙarshe duhu. Ni fa a lokacin murna ce ta kama ni ba tsoro ba. Muka kunna fitilun wayoyinmu muka shiga muna wasa, ni ina cewa a duba kowane ɗaki ko za a sami harsashi, shi yana cewa in yi hankali da batir don wayata ta riga ta nuna ja. Ɗakin farko gadon ƙarfe ne ba katifa, na biyu kwalaben magani a warwatse da warin kashin jemage, wani ɗakin kuma keken tura marasa lafiya ne a kife, Kefas ya juya tayarsa tana ƙara, muka yi ta dariya. Ruwa kuwa na dukan kwano, sai mun ɗaga murya muke jin juna.

A ƙarshen hanyar akwai ƙofa ɗaya ta ƙarfe, an sa mata ƙaton kwaɗo, tsatsa ta cinye shi har ya haɗe da sakatar. Na kama na jijjiga da hannuna, ko motsi bai yi ba. Kefas ya ce ai dama haka ake yi, sai an nemo makulli a wani ɗaki, kuma duk abin da ke bayan irin wannan ƙofa ba a son ganinsa. Muka juya za mu koma, wayata ta mutu, ya rage tasa.

Ba mu yi nisa ba sai ƙarar ruwa ta ɗauke. Ba raguwa ta yi ba, ɗif ta yi kamar an zare waya daga sifika. Na ce alhamdulillahi ruwa ya tsaya, sai Kefas ya nuna mini gaba da haɓa. Daga inda muke muna hango ƙofar da muka shigo, da haskenta, kuma ga ruwa nan yana zuba kamar dā, ga rassan mangwaro na kaɗawa, amma ko ɗigo ba ma ji. Numfashinmu kawai nake ji da takunmu. Kuma da muka ci gaba da tafiya sai na lura takun ya fi na mutum biyu, akwai na uku a bayanmu, a hankali, ƙafa ɗaya ana ɗagawa ɗaya ana ja. Muka tsaya, ya tsaya. Muka taka, ya taka.

Kun san abin mamaki? Har a wannan lokacin wani ɓangare na zuciyata daɗi yake ji, irin daɗin nan na ɗakin Kefas, kaina na ta lissafi, kada ka ruga, saurara tukuna, ina ƙofa, ina haske. Sai yatsana ya shiga neman maɓallin tsayar da wasa a jikin wandona, wallahi da gaske, sannan na tuna a nan babu shi, kuma in aka kashe ka ba wanda za ka miƙa wa.

Kefas ya juya ya haska baya. Babu kowa a hanyar. Amma ƙofar ƙarfen nan a buɗe take kamar faɗin tafin hannu, kwaɗon da na jijjiga yana rataye a buɗe yana lilo, kuma ba mu ji ƙarar buɗe shi ba.

Daga cikin ɗakin sai na ji an ce, "Malam, zo ka gani, ƙofa ya buɗe."

Muryar Kefas ce. Ba kama ba, ita ce, da 'yar dariyar nan tasa a ƙarshen magana. Kuma abin da har yau nake tunani, ban yi mamaki ba ko kaɗan, sai na ji kamar ai Kefas ya riga ni shiga ne, bari in je in ga abin da ya samo. Na ɗaga ƙafa na yi taku ɗaya zuwa wurin, zan yi na biyu sai na ji an damƙe mini wuyan hannu da ƙarfi har farce ya shige ni. Na waiga, Kefas ne a gefena, wayarsa a ɗaya hannun, bakinsa a rufe gam, hawaye na bin fuskarsa. Muryar ta sake cewa, "Malam, zo mana," ina kallon bakin Kefas bai motsa ba.

Ban san lokacin da na fara Ayatul Kursiyyu ba, shi kuma na ji yana "Jinin Yesu, jinin Yesu" ƙasa-ƙasa. Ba mu juya wa ƙofar baya ba, da baya da baya muka riƙa tafiya, hasken na kan ƙofar, hannuna a nasa, kuma duk takun da muka yi sai in ga kamar buɗewar ta ƙaru. Da dugadugina ya taɓa ganyen ƙofar da ya faɗi sai muka juya muka zuba a guje, muna fitowa baranda ƙarar ruwa ta faɗo mana a ka gaba ɗaya kamar an buɗe kunnuwanmu. Mashin ya tashi bugu ɗaya, Allah Ya taimake mu, muka shiga ruwan haka nan, taɓo na watsi, ba wanda ya waiga.

Sai da muka hau kwalta muka kai wata mahaɗa inda ake da 'yan rumfuna sannan Kefas ya tsaya, lokacin ruwan ya koma yayyafi, la'asar ma ba ta yi sanyi ba. Muka shiga rumfar wata tsohuwa mai sayar da kunu muka zauna a benci muna ɗiga. Na ce masa, "Ka ji muryarka a ɗakin nan?" Ya dube ni ya ce, "Murya na? Malam, murya na ka ne. Kai ka ce, Kefas shigo mana. Shi ya sa na kama hannu na ka, in ji ko kana nan." Muka kalli juna, sai kuma dariya ta ƙwace mana, irin ta wanda ya tsallake rijiya, Kefas na dukan benci yana cewa wannan matakin na gem ba wanda zai yarda mun wuce shi ba harsashi ko ɗaya.

Muna cikin haka tsohuwar ta kawo kunu ta ajiye a gabanmu, kofi uku. Kefas ya ce, "Mama, biyu ne." Ta ce, "Na ɗan'uwanku ne, ko shi ba ya sha?" Na ce wane ɗan'uwa, Mama? Ta leƙa waje wajen mashin, ta duba dama da hagu, ta ce, "Wanda ya sauka a baya mana. Ku uku kuka zo. Na ma ce wannan yaro wane irin riga ne da shi, ku kun jiƙe, shi ruwa bai taɓa shi ba." Muka tambaye ta kamanninsa, ta ce ba ta ga fuska ba, kansa a sunkuye yake, kuma yana ɗan jan ƙafa. Da Kefas ya gaya mata inda muka fake, sai ta ɗauki kofi na ukun ta je bakin rumfa ta zubar a ƙasa, ta ce mu sha namu mu tafi gida tun da sauran rana, kuma kowa ya yi addu'a irin tasa kafin ya shiga ɗaki.

Kefas ne ke tuƙi, ni ne a bayansa. Ke nan duk tsawon hanyar nan daga asibitin zuwa kwalta, ko mene ne, a bayana yake zaune, jikinsa a jikina, kuma ban ji komai ba. Inda ya nufa bayan ya sauka, Allah kaɗai Ya sani. Na tambayi malamai, Kefas ya tambayi fastonsu, kowa da abin da ya ce, ba wanda ya gamsar da ni.

Gem dai ban daina ba, kada in yi muku ƙarya, har yanzu in na sami sabo na ban tsoro jikina har ɓari yake don ɗoki. Amma shawarata gare ku, 'yan'uwa, ku bar tsoronku a cikin talabijin inda za ku iya kashe shi. In ruwa ya kama ku a hanya kuka fake a kangon da ba ku san tarihinsa ba, ku tsaya a baranda. In kuma za ku tashi, mai zama a bayan mashin ya miƙa hannu ya shafa bayansa tukuna.