Injin da Kwaku Ya Shimfiɗa a Ƙasa

Sakkwato

Na bar gidanmu ana fitowa daga sallar asuba, wata Asabar a farkon zafi, a shekarar da aka ce baƙi marasa takarda su koma ƙasashensu. Inna ta ƙulle mini dawo a tsumma mai tsabta, ta raka ni har zaure tana cewa, "Lawali, shirun nan naka ka bar shi gida. In ka je gaban manya ka buɗa baki."

Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon sana'a, sashen kanikanci. Makarantar ta yi yarjejeniya da masu gareji da ma'aikatu: kowane ɗalibi sai ya yi zango guda a hannun mai sana'a kafin a bar shi ya zauna jarrabawar fita. Abokaina masu baki sun kama guraben cikin gari tun ina ɗakin karatu ina kwafar zanen injuna. Malam Sahabi, shugaban sashenmu, ya kira ni ya ce wuri biyu suka rage, ɗaya a Boɗinga, ɗaya a Shagari. In ban sami mai ɗaukata ba, sai baɗi. Baɗin kuwa babu shi a wurina, domin Baba ya riga ya gaya mini bana ce ta ƙarshe da zai iya riƙe ni a makaranta. Lokacin tsuke bakin aljihu ne, sabulu ma sai an bi layi.

Na sami a-kori-kura a tasha, na zauna a baya kan buhun gishiri. Da muka fita gari kaɗan muka tarar da shinge. Wani jami'i ya leƙo yana duba fuskoki, ya tsaya a kaina.

"Kai, ɗan ina ne?"

Na sunkuyar da kai. Direba ya leƙo ta taga ya ce, "Ranka shi daɗe, ɗan Sakkwato na. Kunya ta ka damu nai. Wanga ko akuya tat tambaye shi hanya sai ya sadda kai."

Aka yi dariya har da jami'in, aka ɗaga mana itace.

Boɗinga

Mun iso da hantsi. Wurin da aka turo ni wata cibiyar koyar da sana'a ce a bayan gari, sabon gini fari, kewaye da waya. Tun daga nesa na ji ana buga ƙarfe kamar na shiga aji, sai na ƙara sauri don kada in makara. Da na shiga ƙofa na tarar da dattijo guda tsaye ƙarƙashin dalbejiya, yana dukan tsohon ƙarfen taya. Babu kowa a filin sai ni da shi.

Sunansa Baba Altine, shi ne maigadi. Bayan gaisuwa na tambaye shi inda malamai suke.

"Sun tahi, yaro. Waɗanda sunka iya kahwa injunan dut baƙi na."

"To Baba, wa kake buga wa ƙarfe?"

"An ce in dinga bugawa. Ba a zo anka ce in bari ba."

Ya buɗe mini babban ɗakin aiki. Akwatunan katako ne a jere har bango, wasu sun fi ni tsawo, ba a ko cire musu ƙusa ba. A kan tebura an kafa mazaunan ƙarfe na matse aiki, zanzaro ya yi gini a bakin kowanne. A allo wani ya fara zana haƙoran giyar inji da alli, ya tsaya a rabi. Na yi gyaran murya, ɗakin ya maido mini da ita daga can ƙurya, har na juya ina neman wanda ya amsa. Kujerar malami tana ɗan ja da baya, kamar yanzu mai ita ya tashi.

Baba Altine ya ce in ina so in zauna, ga ɗaki ga ruwa. Amma abin da makarantarmu take nema mai koyarwa ne, ba ɗaki ba. Na dama dawona muka sha tare, na yi masa sallama. Ina kan hanyar komawa titi na sake jin ƙarfen a bayana, na tashi daga aji.

Sifawa

Motar da na samu bayan azahar ta ratsa ta Sifawa sauke taki. A bakin hanya na ga tarakta biyu a tsaye, ƙafafunsu sun nutse a ƙasa, kaji na kwana a ƙarƙashi. Ɗakin injin niƙa a rufe yake, garin kuwa ko'ina sai amon taɓarya, gida bayan gida, kamar a labarin da kakata ke ba mu na zamanin da. Wani fasinja mai rawani ya ga ina kallo.

"Ba injuna munka rasa ba," in ji shi. "Hannu munka rasa. Kowa ya iya tada su, ba wanda ya iya tada su in sun kwanta."

Shagari

La'asar ta yi mana a Shagari. Wanda aka turo ni wurinsa shi ne Alhaji Buba, manomin albasa mai gareji a bayan kasuwa. Na same shi a ƙofar gida kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi, na tattaro abin da Inna ta ce, na faɗi abin da ya kawo ni ba tare da na ɗaga kai ba.

Ya ce, "Makarantarku ba ta da labari? Ni gareji gare ni, ɗana, amma ban san kan sifana ba. Kwaku na anka yi magana da shi. Kwaku kau ya tahi."

Kwaku mutumin Gana ne, ya daɗe yana gyara injunan ban ruwa na yankin. Alhaji ya ce ranar da labarin korar baƙi ya iso, Kwaku yana tsakiyar aiki kan injin Alhajin kansa, wanda ke shayar da fadamarsa ta Horo Birni. Ya fita ya ce zai dawo. Tun daga ranar ana ba albasar ruwa da jigo, jigon kuma ba ya kai rabin gona.

Na roƙi ya nuna mini garejin ko da daga ƙofa ne. Ya yi jinkiri, ya aika aka kawo mabuɗi, ya buɗe da bisimilla, ya koma baya taku uku.

Abin da na fara gani mutum ne tsaye a jikin bango, ba kai. Sai da zuciyata ta dawo na gane rigar aiki ce shuɗiya a rataye kan ƙusa, iskar da ta shigo tana motsa hannuwanta. Kusa da ita akwai farin katako da aka zana siffar kowane ƙarfen aiki da baƙin fenti. Wasu ƙarafan suna nan, wasu an tafi da su, sai inuwarsu kawai a rataye. Kofin shayi na kan benci, ya bushe har ya tsage.

Ƙasa kuwa an share ta tas, an shimfiɗa takardun siminti, an jera sassan injin layi-layi, kowanne an kewaye shi da alli. A tsakiya ga wani kwali da aka soke shi da dogayen notika, sun tsaya cirko-cirko.

"Ka gani?" Alhaji ya ce daga waje, da ƙaramar murya. "Mutane sun ce asiri na. Ka dubi wancan da anka soke. Wata kaza tas shiga ta ƙarƙashin ƙyaure, kwana biyu anka ishe ta matacciya. Wani makaniki yaz zo daga birni, yal leƙa, yac ce shi ba shi taɓa aikin da wani ya kwance."

Ni ma na tsorata, ba zan ɓoye ba. Amma idona ya saba da bin layi. Na cire takalmi na tsuguna a bakin ƙofa ina kallo. Tankin mai, matatar iska, murfin kai, bawul, fistin. Na san wannan jerin, na kwafe shi da hannuna ya fi a ƙirga, sai dai a takarda. Kwalin kuma siffar kan injin ce: kowane noti an soke shi a daidai ramin da aka ciro shi, don kada a musanya. Mutumin ya jera abin da ya kwance bi da bi. Wanda ya fara daga ƙarshe ya komo farko zai haɗa injin.

Da'ira guda ce babu kome a cikinta, kusa da fistin. Wurin ringi ne, zobban ƙarfen da ake sa wa fistin. Tsofaffin suna gefe a karye, an ja musu layi biyu.

"Alhaji, kafin ya tafi ya je birni sayen wani abu?"

"Awo. Da sahe yad dawo, da maraice labari yaz zo."

Na duba benci, na duba gwangwanaye, babu. Sai rigar ta rage. Na daɗe tsaye a gabanta. Tana warin gas da zufan wani, kafaɗunta har yanzu sun riƙe siffar mai ita. Alhaji yana ta "Lawali, bari, bari hwa." Na rufe ido na tura hannu a aljihun hagu. Yatsuna suka taɓa wani abu mai sanyi a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Sababbin ringi ne, ba a ko buɗe su ba.

An sauke ni a shagon gidan Alhaji, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Washegari na fara. Ban taɓa haɗa inji ni kaɗai ba. A makaranta inji guda ne, mu kuwa aji guda, mai baki shi ke riƙe sifana. Na bi jerin daga ƙarshe, ina wanke kowane sashe da kananzir kafin in ɗora. Sau biyu na kwance abin da na haɗa saboda na tsallake da'ira. Mutane sun taru a bakin ƙofa, ba wanda ya tako ciki. Wani tela da ke maƙwabtaka yakan leƙo ya ce, "Ɗan boko, har yanzu kana da rai?" In ce ina nan, ya koma kan kekensa.

Horo Birni

Da injin ya haɗu aka ɗora shi a amalanke muka nufi fadama. Gefen gonar da jigo ba ya kaiwa ya yi rawaya, ganyen ya kwanta. Muka sa tiyo a rijiya, na zuba mai, na ja igiya. Shiru. Na sake ja, ya yi tari ya mutu. Na ji idanun manoma a ƙeyata. Na tsuguna na fitar da iskar da ta shiga bututun mai, na ja na uku da duk ƙarfina. Ya kama, ya yi baƙin hayaƙi, sannan ruwa ya bugo ya bi kwalbatin ƙasa da gudu.

Ba wanda ya yi ihu. Alhaji ya tsuguna ya sa hannu a ruwan, ya daɗe bai cire ba. Da ya tashi ya ce, "Na ɗauke ka. Mi makarantar taka ka so in yi?"

Na gaya masa gaskiya: makaranta tana son ɗalibi ya kasance ƙarƙashin gwani, nan kuwa ba gwani. Dole in koma in ji ta bakin Malam Sahabi.

Komawa

Kafin in tafi aka kawo wani injin niƙa daga Lambara. Na ce bari in kwance shi in ga abin da za a sayo a birni. Da'irorin allin suna nan a ƙasa, ba wanda ya share, sai na bi yadda na gani: na jera sassan layi-layi, na nemi kwali na soke notika. Na wanke hannu, na ɗauki jakata, na ce wa Alhaji zan je in dawo.

Ya leƙa ɗakin, ya dubi ƙasa, ya dube ni. Fuskarsa ta canza.

"Haka wancan yay yi," in ji shi. "Haka kau yac ce."

"Wallahi Alhaji, jibi ina nan."

"Shi ma bai yi ƙarya ba, yaro. Tsaya in sa riga."

Haka muka shiga mota tare, ya zauna a bakin ƙofa ya sa ni daga ciki. Da muka wuce Boɗinga na kasa kunne ko zan ji ƙarfen Baba Altine, ƙarar mota ta hana.

A makaranta Alhaji ne ya yi magana. Ya gaya wa Malam Sahabi yadda injuna suke kwance daga Sifawa har Lambara, ya ce yana da gareji da ƙarafa da ɗaki da tuwo, hannu ne ba shi da shi. Malam ya yi ta murza gemu, sannan ya ce zai riƙa zuwa da kansa ranar kasuwa yana duba aikina, kuma akwai wasu ɗalibai biyu da ma'aikatarsu ta rufe, in Alhaji zai iya da su. Alhaji ya ce a haɗo su a mota gobe.

Na isa gida ana kiran magariba. Inna ta dubi baƙin man da ya shige mini farce ta ce, "To, ka buɗa bakin kuwa?" Na ce kaɗan. Alhaji ya kwana a zaurenmu, ya ce ba zai koma ba sai da ni.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Sahabi, da Baba Altine, da Alhaji Buba wanda ya riƙe ni kamar ɗansa har na zauna jarrabawa. Sai wanda ya koya mini aikin, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba. Na san dai bahago ne, domin duk ƙarafansa a hagu ya rataye su. Har na bar garejin ba mu sauke rigarsa daga kan ƙusa ba. In yana raye, Allah ya sa wani ya gaya masa ringin sun yi daidai.